Kallo Ya Koma Kan 'Yan Kallo: Mutanen Gidan Opera na Biyana

A wajenmu idan waƙa ta yi daɗi sai maƙwabta sun sani. Mata su rangaɗa guɗa, maza su zura hannu aljihu, maroƙi ya ware murya, wani ya faɗa fili ya taka ko ba a kira sunansa ba. To akwai wani gida a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda ake tara mutane wajen dubu biyu, a rage fitilu, a ce kowa ya kame bakinsa har awa uku, wai da haka ake jin daɗin waƙa. Gidan opera na gwamnati ke nan, a bakin babban titin da ya yi wa tsohon gari zobe.

Opera wasan kwaikwayo ne da galibi ba a magana a cikinsa sai waƙa. A waƙe ake gaisawa, a waƙe ake kishi, a waƙe ake bin bashi, wanda aka soka wa wuƙa ma sai ya yi minti goma yana rera bankwana kafin ya yarda ya faɗi. Kuma babu lasifika. Muryar mutum ɗaya ce tsurarta za ta tsallake makaɗa sittin ko tamanin da ke zaune cikin wani rami a gaban dandamali, ta kai har kujerar ƙarshe can kusa da rufi. Shi ya sa shiru ya zama wutar lantarkin gidan: da ya ɗauke, komai ya lalace.

An buɗe gidan ranar 25 ga Mayu, 1869, da wasan Don Giovanni na Mozart. Bama-bamai suka ƙone shi a Maris ɗin 1945, aka sake gina shi, aka buɗe ranar 5 ga Nuwamba, 1955, da Fidelio na Beethoven. Kujerunsa 1,709, ga guraben tsayuwa sama da 400, kuma daga Satumba zuwa ƙarshen Yuni kusan kullum da wasa. Namu ma suna ratsa garin: a nan hedikwatar OPEC take, wadda Rilwanu Lukman da Muhammad Sanusi Barkindo suka taɓa zama manyan sakatarorinta, ga ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, ga jami'ar garin inda ake koyar da Hausa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana a tashi daga taro wani ya miƙo maka tikiti. In ka karɓa, ga waɗanda za ka tarar. Hali zanen dutse ne, kuma babu abin da ke fito da shi fili kamar a hana mutum magana.

Sarkin Tsaye

Tsoho ne siriri, rigar sanyinsa ta girmi rabin mawaƙan. Bai taɓa sayen kujera ba, domin a ganinsa zama aikin 'yan koyo ne. A al'ada minti 80 kafin wasa ake buɗe tagar tikitin tsayuwa a ƙofar gefe, amma in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana: za ka iske shi kan 'yar kujerarsa ta naɗewa, da jarida da filas ɗin shayi, tun rana na tsaka. Har zuwa 2019 Yuro 3 ko 4 ne kuɗin. Yanzu ya haura Yuro 10, ana kuma saye ta intanet, shi kuwa waɗannan sauye-sauye biyu ya sa su cikin alamomin tashin duniya. Duk da haka araha ce, tunda kujerar gaba kan wuce Yuro 200.

Makaminsa ɗan ƙyallen wuya. Tsohuwar al'adar 'yan tsaye ce mutum ya ɗaure ƙyalle a ƙarfen da ake jingina, ya fice shan iska, ya dawo ya tarar da gurbinsa. Ko an sa wa gurbi lamba ko ba a sa ba, shi ƙyallensa ya sani, takardar fili ce mai hatimin hakimi. Gara ka taka masa yatsa da ka taɓa masa ƙulli. Abin dariyar kuma, wurin tsayuwa na ƙasa yana daidai ƙarƙashin babbar barandar tsakiya, wadda tun asali ta fada ce, dandamali na kallonsa ido da ido. Mai 'yan canji yana gani sarai, mai ɗari biyu a barandar gefe yana leƙe kamar wanda ke satar kallon gidan maƙwabci.

Magajiyar Kujera

Kujerarta ta shekara-shekara ce, kuma da ka ga yadda take zama a kai ka san gādo ce. Turarenta kan riga ta shigowa, ya kuma yi saura bayan ta tafi. Tana da ɗan madubin hangen nesa mai hannun azurfa, wanda kashi ɗaya cikin goma na aikinsa kan dandamali ne, tara kuwa kan takalmanku.

Kada idonta ya firgita ka. A daren yau da kullum babu tufar da aka wajabta. Tsaf-tsaf kawai ake so. Gajeren wando da singileti da silifas ne za su iya sa a mai da mutum daga ƙofa. Baƙar kwat mai wutsiya da rigar mata mai jan ƙasa sai daren rawar shekara, lokacin da ake mai da zauren duka filin rawa. Babbar riga ta zauna daram, har Magajiya za ta gyara madubinta don ta ƙare wa aikin wuyan kallo. Sai dai ka tuna da na bayanka. Doguwar hula da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya sun dace da ɗaurin aure, a nan kuwa katanga ce, wanda ke baya ya biya kuɗin ganin Roma ya ƙare da ganin ɗinkin Borno. Rigar sanyi da babbar jaka kuma akwai ma'ajiyarsu. A karɓa, a ba ka lamba. Riƙe lambar kamar fasfo.

Maharbin Hoto

Bai zo jin waƙa ba, ya zo ne a ga ya zo. Ya ɗauki matakalar marmara daga ƙasa, ya ɗauke ta daga sama, ya ɗauki fitilar rufi, ya ɗauki kansa yana kallon fitilar. Da an fara wasa an haramta hoto, amma sai ka ga ya ɓoye wayar cikin riga, hasken na fitowa ta wuyansa kamar wanda ya haɗiye aci-balbal. Kashi na farko na ƙarewa ya ɓace. 'Yan tsaye na sa masa albarka, domin bayan hutu wuri kan yi yalwa.

Yana da ƙane wanda ko shiga bai samu ba. Baƙo ko da ido makaho ne: ya ga wasu samari a bakin ginin sanye da jar kwat da farar hular gashi irin ta zamanin Mozart, ya ɗauka fadawan gidan ne, ya sayi tikiti. Tikitin na gaske ne, amma na wani kiɗa ne daban a wani zaure daban. Mai son shiga gidan nan ya saya a tagar gidan ko a shafinsa na intanet, kuma in babban mawaƙi ne zai fito, ya saya tun da sauran makonni.

Makararre

Wannan ya zo da agogon biki, inda ƙarfe bakwai ke nufin bayan isha'i da kaɗan. A nan bakwai bakwai ce. A kaɗa ƙararrawa, a ja ƙofofi, jagoran makaɗa ya ɗaga sandarsa. Sai ga shi bakwai da minti huɗu, yana haki, yana kaɗa tikiti a fuskar mai tsaron ƙofa.

"Ranka ya daɗe, sai an tafi hutu."

"Ka kuwa san ko ni wane ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Wanda ya makara ne."

Sai a nuna masa talabijin a waje, ya zauna da kwat ɗinsa yana kallon abin da zai iya kallo a gida da zane a ƙugu. Wannan doka gadon Gustav Mahler ce, wanda ya shugabanci gidan daga 1897 zuwa 1907. Kafinsa masu hali kan shigo sa'ad da suka ga dama, fitilu a kunne, ana gaishe-gaishe kamar wurin suna. Shi ya rage haske, ya tsare ƙofa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa a tashar Karlsplatz yake tsayawa, a gindin gidan, don haka cunkoson hanya ba hujja ba ne. Ka iso da rabin awa a hannunka, ka kuma gama sallarka kafin ka shiga.

Ta'aziyya ɗaya gare shi. A Afrilun 2016, ana wasan Tosca, jama'a suka matsa wa mawaƙi Jonas Kaufmann da tafi har ya maimaita waƙarsa. Da ya gama, lokacin shigowar jarumar, Angela Gheorghiu, ya yi, babu ita babu alamarta. Sai ya juyo ya rera wa jama'a cewa ga shi fa babu jaruma, zaure ya kwashe da dariya. Ita an jira ta. Kai ba za a jira ka ba.

Mai Tari da Mai Alewa

Wata shida rabonsa da tari. Ya ratsa sanyin Biyana lafiya lau, ya hau bene lafiya lau. Lokacin da ƙahoni da ganguna ke girgiza gini, maƙogwaronsa shiru. Sai an zo daidai inda goge ɗaya ke kuka siririn kuka, jaruma ta sassauta murya kamar zare, sai ka ji gwaf! Tari kuwa kamar hamma yake, yana da dangi: na dama ya amsa, na sama ya karɓa. A wasan La Traviata na Verdi, tarin fuka ne ke kashe jarumar, amma ita wadda ke mutuwar ta fi kowa a zauren lafiyar ƙirji. A kashi na ƙarshe akwai likita da ke zuwa duba ta. Da yana da imani da ya sauko ya fara da layi na bakwai.

Kusa da shi akwai baiwar Allah mai son taimako, wadda ta zo da alewar maƙogwaro. Da za ta fizge ledar sau ɗaya da an huta. Ina! Kunya ta sa take warware ta a hankali, ƙaras, ta tsaya, ƙaras, ta saurara, har minti biyar, kamar ɓera a buhun gyaɗa. Maganin abin mai sauƙi ne: ɓare alewarka tun a waje, ka ƙulle a hankici. Waya kuma a kashe ta ɗungum. Mai kiranka ba zai kira ba sai jaruma tana cikin addu'a.

Wanda Aka Jawo

Matarsa ce ta sayi tikitin, shi dai an ce masa ya sa kwat. Bai tambayi wane wasa ba ne, ashe na Wagner ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ba a kuma san masoyin opera ba sai an sa Wagner. Wasansa Götterdämmerung da hutunsa ya haura awa biyar, shi ya sa ake fara shi tun da rana. Das Rheingold gajere ne a cikin danginsa, awa biyu da rabi, amma babu hutu ko na shan ruwa.

Da farko ya yi ta maza. A gaban kowace kujera akwai ɗan allo da ke fassara waƙar cikin harsuna da dama, har da Jamusanci da Ingilishi. Hausa dai ba ta iso ba tukuna. Ya duƙufa karatu kamar mai shirin jarrabawa, har ya gano cewa minti ashirin ɗin da suka wuce duka mutumin nan labarin kakanninsa yake bayarwa. Daga nan kai ya fara rinjaya. Barci ɓarawo ne, kujerar kuma mai laushi.

"Maigida, tashi, ana kallonmu."

"Wa ya ce barci nake? Da zuci nake saurare."

In karonka na farko ne, duba tsawon wasa kafin ka duba farashi. Fara da Tosca, ko La Bohème, ko Carmen: soyayya, kishi, mutuwa, awa uku ko ƙasa da haka an sallame ka. Ka kuma karanta labarin tun a masauki, don idonka ya samu sukunin kallon dandamali.

Malam Na-Sani

Yana kaɗa yatsa tare da jagoran makaɗa, yana girgiza kai idan jagoran ya saɓa masa. Yana gunƙunin waƙar a hanci, rabin numfashi gaba da mawaƙin, don ka san ya san inda za a je. A hutu zai kama hannun rigarka ya sanar da kai cewa daga cikin makaɗan ramin nan ake zaɓo 'yan ƙungiyar Filhamonik ta Biyana, wadda duniya ke kallo ranar sabuwar shekara. Wannan gaskiya ne. Zai ƙara da cewa namiji ake yi wa ihun "bravo", mace "brava", taro "bravi". Wannan ma gaskiya ne, kuma zai ja harafin "r" ɗin kamar babur mai tashi.

Inda ake rabuwa da shi shi ne hukunci. A wurinsa duk mawaƙin da ke numfashi bai iya ba. Murya ta ƙare tun rasuwar Maria Callas a 1977, gidan kuma ya mutu tun ranar da Karajan ya bar shugabancinsa a 1964. Ka dubi fuskarsa ka yi lissafi: a shekarar ko yaye shi ba a yi ba.

Riga-Malam-Masallaci da Dogarin Shiru

Na farko tafinsa a ɗane yake kamar tarko. Da kiɗa ya ɗan numfasa sai ya saki, ɓaf, ɓaf, ɓaf, shi kaɗai cikin mutum dubu biyu, sannan tafin ya mutu a hannunsa a hankali, ya shiga duba rufi. Ƙa'idar ba wuya. A wasannin Italiya ana tafi bayan babbar waƙa. A na Wagner sai labule ya sauka, a Parsifal ma tsofaffin masoya ba sa son ko motsi bayan kashi na farko. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka: jira Sarkin Tsaye ya fara. A da har 'yan tafin haya ake da su, mawaƙi ya biya su su tafa masa, sojojin baka na wancan zamani. Mahler ya yaƙe su su ma.

Na biyu shi ne abokin gābarsa. Ba wanda ya naɗa shi, amma ya ɗauki tsaron shiru aikinsa. Kujera ta yi ƙara, ya waiwayo. Ka haɗiyi yawu, ya waiwayo. "Shhh" ɗinsa ya fi abin da yake hanawa ƙara sau uku, har wani dogarin daga sama ya yi masa nasa "shhh" ɗin, su yi ta jifan juna, jaruma na can tana mutuwa ba mai kula.

Mai Ihu

Can sama yake, kuma da "buu" ɗinsa ya baro gida, kafin ya ji ko baiti ɗaya. Hedikwatar irinsa gidan La Scala ne na Milan. A Disambar 2006 suka yi wa Roberto Alagna ihu yana tsakiyar wasan Aida, ya fice daga dandamali, wanda ya maye gurbinsa ya shigo da wandon jins ya zama janar ɗin Masar ta Fir'auna a haka. Bakin mutanen Biyana ma ba baya ba ne. Tun ana ginin gidan nan suka sa shi gaba da ba'a, suna kiransa akwatin da ya nutse, don an ɗaga titin gabansa bayan an fara gini. Magina biyu da suka zana shi, van der Nüll da Sicardsburg, duk a 1868 suka rasu, na farkon da hannunsa. Babu ɗayansu da ya ga ranar buɗewa. Yau jikokin masu ba'ar su ne ke rantsuwa babu gini irinsa a duniya.

Ɗan Tsere

Tun jaruma na neman wurin faɗuwa ya ɗaura ɗamara. Lambar rigarsa na hannu, ƙafarsa ɗaya a hanya. Labule bai taɓa ƙasa ba ya tattake mutum goma sha biyu yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya yi haƙurin awa uku, minti biyar ya gagare shi. Sauri ya haifi nawa: za ka same shi a bayan gidan, a layin rumfar tsiren Turawa da ke gindin gidan tarihi na Albertina, yana jira kamar kowa. A nan mai kwat da ɗalibi ke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa suna gardamar wa ya iya wa ya kasa. Namu dai ya tambaya kafin ya ciza, domin yawancin naman na alade ne, kamar yadda kofunan da ke yawo a hutu yawanci giya ce. Akwai lemo da kofi ga mai so. In zaƙi kake nema, otal ɗin Sacher na nan bayan gidan da kek ɗinsa na cakulan.

Alhaji Namu

Shi ne aka miƙa wa tikiti bayan taro. Ya zo da wuri, ya cire doguwar hula ya ɗora a gwiwa, ya kashe wayoyinsa uku. Awa guda yana zaune yana tunanin me ya kawo shi. Can sai wata mata ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar dandamali, ta ɗauko wata murya tun daga tafin ƙafa, ta yi sama da ita, ta riƙe ta a can. Bai san kalma ɗaya a ciki ba, amma tsigar jikinsa ta tashi. Hannu ya san aikinsa: ya tafi aljihu, ya dawo da sababbin takardu.

Abokinsa ya riƙe masa hannun riga. "Alhaji, a nan ba a liƙi."

"To ta yaya za ta san na ji?"

"Ai tana jin shirunka tun ɗazu."

Ko ya so ma babu hanya. Tsakaninsa da ita akwai rami cike da makaɗa, babu maroƙin da zai sanar da abin da ya bayar, babu baitin da za a saka sunansa da na mahaifinsa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Liƙin gidan nan da tafin hannu ake yinsa, a ƙarshe, kuma ba shi da iyaka: a 1991, bayan wasan Otello, an yi wa Plácido Domingo tafi na minti 80, ya fito gaban labule sau 101. Shi ne liƙin da mai tikitin tsaye ke fin mai baranda, domin shi ba ya saurin zuwa ko'ina.

Ɗan Tsere ya daɗe da tafiya. Magajiya ta naɗe madubinta, an tashi Wanda Aka Jawo, Malam Na-Sani ya fita yana cewa ba laifi amma ba kamar da ba. Saura mutum biyu a bakin rami suna tafi, ma'aikata na jiran su kashe fitila: tsoho mai ƙyalle a wuya da Alhaji mai babbar riga, ba wanda ke jin yaren wani. Alhaji ya koma masauki tafukansa na zugi, ya ƙirga kuɗinsa ya same su cif-cif. Ya ce tunda yake zuwa sabga, bai taɓa dawowa da aljihu cike ba amma ya ji an yashe shi tas, sai yau.